Ɗakin Feƙe Fensir

Yayata ta shekara goma sha tara tana koyarwa a makarantar firamare ɗaya, kuma in ka gan ta a hanya ba za ka sake waiwayo ba. Gajera ce, ga ƙatuwar jaka da hannunta ya tsinke ta ɗaure da waya, ga tabarau da kullum take nema alhali yana kan goshinta. Amma tun muna yara Allah ya ba ta wani abu. Ba ta taɓa tambayarka me ke damunka. Sai dai ta miƙo maka gefen zanin gado ta ce kama mu ninke. Kafin ku gama, ka zazzage mata cikinka kaf, har abin da ka rantse ba za ka faɗa ba. Ni nan ta sha yi min haka, har bayan na yi aure.

Da aka ce kowace makaranta ta fitar da malami ɗaya da zai riƙa kula da yaran da ke cikin damuwa, ita aka tura kwas na mako biyu. Ba don an ga ta dace ba fa, don dai kowa ya zille ne. Ta dawo aka ba ta tsohon sito a bayan aji shida, mai taga ɗaya, cike da karyayyun benci. Ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta cika gwangwani uku da fensira marasa tsini.

In ta lura yaro ya yi sanyi, ko ya tsiri faɗa ba dalili, sai ta leƙa ajinsu ta ce wa malamin, "Ara min wane ya taya ni feƙe fensir." Shi ke nan. Yaro na juya fensir, idonsa a kan hannunsa, magana na fitowa da kanta. Kuma takan kira masu lafiyarsu ƙalau su ma, don haka ba ka bambance mai damuwa da mai gudun darasin lissafi.

Cikin masu zuwa akwai 'yar wani tela, 'yar aji biyar, da ake kira Aku saboda surutu. Uwarta ta rasu, yarinya ta yi gum, wata huɗu ba a jin bakinta. Sai da ta feƙe fensir ya fi ɗari kafin ta ce wa Yaya uffan. Ranar da ta fara magana, Yaya ta zo gidana tana murna kamar an yi mata kyautar mota.

To ana cikin haka aka kawo sabon mataimakin hedimasta, wanda malamai suka sa wa Mai Fayil, don ko ban ɗaki zai shiga da fayil a hammata. Ya ji masu duba makarantu za su zo. Don Allah ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi. Ya sa aka rubuta allo da jan fenti, "Ɗakin Yara Masu Matsalar Ƙwaƙwalwa," aka kafa a ƙofar Yaya ranar da ta je asibiti. Ya buɗe durowarta, ya kwafi sunayen yara biyar daga littafinta, har da na Aku. Washegari a taron safe, bayan ya gama kiran masu latti, ya karanto sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce su fito gaba a gan su, makaranta na taimaka musu. Har tafi ya sa aka yi musu.

Kafin a tashi tara, Aku ta zama "mahaukaciya" a bakin yara. Kafin la'asar magana ta kai shagon ubanta. Da safe ya zo ya kwashe littattafanta ya tafi.

Yaya ba ta da faɗa, ni ce mai bakin gidanmu. Amma ranar sai da ta shiga ofis ta tunkare shi.

"Yallaɓai, wa ya ba ka izinin taɓa littafina?"

"Malama, aiki sai da shaida," in ji shi. "In baƙi suka zo, fensir zan nuna musu?"

Wallahi da ni ce, da fayil ɗin nan zan kwaɗa masa. Ita kuwa sai ta ari sukundireba wajen mai gadi, ta kwance allon, ta jingine masa a bakin ofis.

Da yamma ta nufi shagon telan. Yana kan keke, Aku na bayan labule tana sa maɓalli. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Malama, amana na ba ku. Uwarta ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, kun tsayar min da 'ya a gaban jama'a kun ce ta zautu. Ba za ta koma ba."

"Gaskiyarka, Baban Aku," in ji Yaya. "An zalunce ta."

Sai ta hangi wata riga da aka ɗinka hannunta a baibai, ta ɗauki reza ta zauna kan benci tana farke ɗinkin. Washegari ta koma. Jibi ma haka. Na ce mata, "Yaya, ke da girmanki kin koma koyon tela?" Ta ce in rufe mata baki.

A rana ta biyar, yana zura zare a allura, ya ce tun rasuwar bai buɗe akwatin matarsa ba. Ko sunanta ba ya ambata a gida, don yana tsoron ya fashe da kuka a gaban yarinyar. Sai labule ya motsa.

"Baba," in ji Aku, "ni na ɗauka ka manta da ita ne."

Yaya ta ajiye rezar, ta ɗauki jakarta ta fito, ta ja musu ƙofa.

Kada ku ce komai ya gyaru, don bai gyaru ba. Biyu daga cikin yaran nan biyar ba su sake taka ɗakin ba, ko sun hango Yaya sai su canza hanya. An ba ta takardar tuhuma kan cire kayan makaranta. Shi kuwa Mai Fayil ashe ya riga ya ɗauki hoton allon, hoton da ya jawo masa takardar yabo. Duk sanda na tuna, sai in ji zuciyata na tafasa.

Bayan mako uku telan ya kawo 'yarsa da kansa. Ya raka ta har aji, amma bai tafi ba. Ya zagaya bayan aji shida, ya tsaya a ƙofar da har yanzu ramukan ƙusa huɗu ke jikinta, yana murza hularsa.

"Malama," ya ce, "ko akwai sauran fensirin da ba a feƙe ba?"

Yaya ta tura masa gwangwani, ta matsa masa a kan tabarma.