Abin da Lalle Ya Rufe

Assalamu alaikum. Ƴan ajinmu, na ga saƙonninku tun bara, kunya ce ta hana ni amsawa. Yau zan faɗi abin da ya raba ni da lakkwal, na daina zuwa aji.

Ƴan ƙuraje ne masu tauri suka fito mini a tafin hannu da na ƙafa, kamar tsabar gero. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Inna ta ce kantar daka ce. Da ta ga ina ɓoye hannu cikin hijabi, sai ta riƙa ƙunsa mini lalle, in ya fara fita ta sake.

"To, yanzu wa zai gani?" in ji ta.

Haka muka yi ta rufewa, har ɗaya ya fashe ya ƙi warkewa.

Daga asibitin Dakoro aka tura mu Maradi. Baba ya sayar da waken da ya ajiye na iri. Likitan fata ya juya hannuna ya ce wa Inna, "Hajiya, lallenki ya kama, amma ya rufe mini ido. A bari ya fita."

Da ya fita aka yi analiz, wato awon fitsari da gashi, aka yanki ɗan nama daga gyambon. Aka kuma auna ruwan rijiyarmu ta ƙauye, wajen Ɗan Gulbi. Guba ce a ciki, sunanta arsenik. Ba ta da ɗanɗano, tafasa ruwa ba ya fitar da ita.

Likita ya ce tana lalata tsarin da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda ke nuna musu yadda za su sabunta kansu. In ya lalace, ciwon daji kan taso.

Daji. Inna ta kama hannuna muka shiga mota.

Kwanakin jiran sakamako ko littafi ban iya buɗewa ba.

Sakamako ya nuna dajin ya fara a gyambon, amma bai wuce saman fata ba. Aka yanke shi. An rufe rijiyar, ni kuma zan riƙa komawa ana duba ni. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, abin da ya fito a fata ya daɗe, ku kai shi likita. Ku nemi a auna ruwan rijiyarku.

Jajiberin Sallah Inna ta ƙunsa wa ƙannena lalle. Da ta zo kaina ta ajiye ƙwaryar, ta kai hannuna cikin haske ta daɗe tana dubawa.

"Babu sabo," ta ce. Ta bar mini shi fari.