Ranar da na goge

Autata ba ta yarda da maganar baki ba. Shekara shida tana kula da kwamfutocin wani ɗakin gwajin jini, a wani ofis mai sanyi da ba shi da taga. Duk wanda ya ce mata "wallahi jiya na ajiye fayil ɗin", sai ta buɗe baƙin allonta ta rubuta kalma guda, stat, da sunan fayil ɗin. Nan take girmansa ya bayyana, da mai shi, da ranar da aka buɗe shi ƙarshe, da ranar da aka taɓa shi.

"Jiyan nan taka ta yi tsawo," takan ce. "Yau watanta uku."

Abin da take tsoron rasawa kuwa, kulle shi take yi: a iya karantawa, ba a iya canza ko harafi. Haka ta yi wa hotunan kakarta. Uwarta ta ce, "Saura mu, ki kulle."

"Ke na kulle ki tuntuni, Umma. Baba ne ba ya kulluwa."

Ni likita na so ta zama. Wata rana a gaban baƙi aka tambaye ni aikinta, na ce gyaran na'ura take yi, kamar mai gyaran rediyo. Aka yi dariya. Ita ta tashi ta kwashe kofuna. Wata huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Bakina bai iya ban haƙuri ba, saboda haka na rubuta, shafi ɗaya, na tura mata a matsayin fayil. Ba ta amsa ba. Bayan kwana tara mota ta buge ta a bakin ƙofar wurin aikinta.

Da aka watse zaman makoki, uwarta ta ba ni kwamfutarta da kalmar sirrin. Abu ɗaya nake son sani: ta karanta, ko ta tafi da dariyar baƙin nan a kunnenta? Na sami wasiƙar a cikin takardunta. Na buɗe, na karanta kalmomina har ƙasa. Ba ta ƙara komai ba.

Washegari na kai kwamfutar wa shugabar sashensu, wadda autata take kira Anti. Na ce na san akwai kalmar da ke nuna ranar da aka buɗe fayil. Ta rubuta, ta dubi allon, ta cire tabarau.

"Baba, ka buɗe shi?"

"Jiya da safe."

"Ranar buɗewa ɗaya tak yake riƙewa, ta ƙarshe. Taka ta hau kan tata."

"Ba a iya dawo da ita?"

"Ko ita mai allon ba za ta iya ba."

Shekara talatin ina koya wa ɗalibai kada su taɓa samfur da hannu kafin su auna shi. Na yi godiya na miƙe.

"Zauna tukuna, Baba." Ta sa yatsa a kan wani layi. "Wannan ba yadda ya zo ba ne. An cire masa izinin rubutu, ranar Talata, ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safe. Ta kulle shi."

Talatar nan kwana biyu ce bayan na tura.

Na tambaye ta ko wannan na nufin ta karanta. Anti mace ce mai gaskiya. Ta ce allon bai faɗi haka ba, ana iya kulle abu ba a buɗe shi ba.

Na roƙe ta ta buga mini layukan a takarda. A gida uwarta ta daɗe tana kallon takardar, ba ta gane ko ɗaya daga cikin lambobin ba. Na nuna mata layin, na faɗa mata abin da Anti ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ta ninke takardar gida huɗu, ta miƙo mini.

"To, ka kullu," ta ce.