Motar da Baba Bai Ji Ƙararta Ba

Babanmu bai taɓa mallakar mota ba, ko da akwala ce. Direba ne. Tun yana saurayi aikinsa shi ne fito da motocin mutane daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya kai wa masu su, wani a Ikeja, wani a Ibadan, wani har Kano. Ya tuƙa motoci iri-iri, amma duk bai ɗauke su a bakin komai ba sai guda ɗaya. Wata 'yar ƙaramar motar tsere ce ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, injinta a baya, wadda aka ba shi ya kai wa wani attajiri a Ibadan tun kafin a haife ni. Sau ɗaya ya tuƙa ta a rayuwarsa. Sunan kamfanin yana yi masa nauyi a baki, sai ya raɗa mata suna Kwaɗo, saboda yadda take durƙushe a ƙasa da fitilu biyu kamar idanu.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka uwata yake ce mini. A bakinsa na fara son wannan mota, ban taɓa ganinta ba. In an shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Agege bayan magariba, da ƙyar za a tashi bai tayar da Kwaɗo ba. Zai cika kumatu da iska, ya fara gurnani can ƙasan maƙogwaro, ya ɗaga a hankali, ya yanke, ya sa giya da hannun dama, ya sake ɗagawa har jijiyar wuyansa ta fito. Yakan ce, "Uwata, duk mota jan mutum take yi. Wannan kuwa turo ka take daga baya, ƙarar tana shiga ta gadon bayanka kafin ta iso kunnenka." Innarmu, Allah ya jiƙanta, sai ta ajiye kwano ta ce, "Malam, a faka Kwaɗo haka nan, tuwo zai huce." Mu yi ta dariya. Ƙannena sun gaji da labarin tun suna firamare. Ni ban taɓa gajiya ba, wallahi. Da na girma na sami waya, cike take da hotunan motocin kamfanin nan, ni da ko keke ban iya ba.

Sai ciwon ido ya kama shi. A hankali ya ci shi, gefe-gefe, har rana ta zama daidai da dare a wurinsa. Makantar ba ta ƙona masa rai kamar ƙaryar da mutane suka koma yi masa ba. Likita ya gaya wa ƙannena jijiyar ta mutu, su kuma suka zo suka ce masa wai an ce da sauƙi, a ci gaba da ɗiga magani. Rigarsa ta ɓaci da miya, a ce masa tas take. Aboki ya rasu, a ce masa ya yi tafiya arewa. Duk yana ganewa daga baya, kuma duk lokacin da ya gane sai ya yini bai ci abinci ba. Ni kam ban iya wannan lallaɓawar ba, bakina ba ya riƙe magana, kowa ya sani. Ni na gaya masa idon ba zai dawo ba. Ya lalubo hannuna ya ce, "Uwata, kowa ya yi mini ƙaryar tausayi na ji, amma ban da ke. In ke ma kika fara, to na makance gaba ɗaya."

Daga ranar na zama idonsa. Ni yake tambaya launin hular da aka sa masa, ni yake tambaya ko wane ya rame, ko hadarin da ake faɗa na gaske ne. In wani ya ba shi labari sai ya ce, "Bari uwata ta zo." Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda zan iya faɗa.

Ɗinki nake yi. Cikin masu kawo mini aiki akwai wata Hajiya a Ikeja, mace mai kirki, wadda nake kai wa kayanta har gida. Wata rana na shiga harabar gidan sai na ga wata doguwar mota fara a kwance a ƙasa, sabuwa fil, da tambarin da Baba ya sha zana mana da yatsa a kan tabarma. Na tsaya ina kallo kamar wata sakara, leda a hannu. Na lura ƙofarta huɗu ce, na ce ai zamani ne. Na ga wata igiya ta fito daga bango ta shiga jikinta, na ce batir ake yi wa caji, kamar yadda ake yi wa kowace mota in ta daɗe a ajiye. Ban tambaya ba. Me zan tambaya? Ga tambari ina gani da idona.

Motar ta ɗan Hajiya ce, wanda ya dawo daga karatu a waje. Ni ba mai roƙo ba ce, ko allura ba na ara. Amma ranar na durƙusa gaban Hajiya na ba ta labarin Baba daga farko har ƙarshe. Ta yi hawaye, ta kira ɗan nata, shi ma ya ce, "Haba Anti, wannan ai ba komai ba ne. Ranar Lahadi zan zo." Abin da ban faɗa musu ba, don ban ga dalili ba, shi ne cewa ƙarar ce Baba yake so.

Na koma gida ina haki na ce, "Baba, Kwaɗo za ta zo layinmu."

Ya ce, "Uwata, kar ki yi mini wasa."

Na ce, "Na taɓa yi maka?"

Kai, ranakun nan! Layinmu duk ramuka ne, motar haya ta danfo ma da addu'a take wucewa. Samarin layi suka kwaso ɓaraguzan gini suka cike ramukan, aka jera katako a bakin kwata, mai shagon da ke kan kwanar layin ya janye rumfarsa. Baba ya sa aka goge masa farar babbar rigarsa ta sallah. Ya aika wa tsofaffin abokansa direbobi, har da wanda ke Ijora, ya ce su zo su ji da kunnensu abin da suka daɗe suna cewa ƙari yake yi. Ya daina cin abinci sosai, don murna. Da safe in na kai masa koko sai in tarar yana ta murza yatsu a gwiwa kamar mai riƙe da sitiyari.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka fito masa da kujera ƙofar gida. Ya zauna, turare na tashi, ya karkatar da kai wajen bakin titi. Ya ce wa mutane, "Ku yi shiru. Tun daga gadar can zan ji ta, kafin ku gan ta." Aka yi tsit, har mai injin markaɗe ta kashe injinta.

Motar ta shigo layi tana bin katako a hankali. Ta zo ta tsaya a gabansa, har ina ganin farar rigarsa a jikin ƙofarta. Babu abin da aka ji sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya. Kowa ya saki baki. Baba yana nan da kansa a karkace, yana sauraren titi. Can ya ce, "Uwata, har yanzu ba su ƙaraso ba? Ko cunkoso ne ya riƙe su a Iyana Ipaja?"

Na ce, "Baba, ga ta nan a gabanka."

Ɗan Hajiya ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi. Yaron kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Cikin jin daɗi ya shiga bayani: ai wannan sabuwar ce, ba ta shan mai, wuta ake sa mata kamar waya, ba ta da inji irin na da, shi ya sa ba ta ƙara. Baba yana ta cewa, "To. To. Madalla." Na san wannan "to" ɗin. Ita yake yi wa ƙannena in sun ce masa ido da sauƙi.

Na kama hannunsa na ɗora a kan tambarin. Ya shafa, ya sake shafawa. Ya bi jikin motar da tafin hannu, ya ƙirga ƙofa ta farko, ya tarar da ta biyu a gefe guda, ya tsaya. Ya ce a buɗe masa baya. Aka buɗe. Ya zura hannu yana neman zafin inji, sai ya taɓo darduma da takalman ƙwallo. Ya janye hannunsa a hankali ya goge a riga.

Duk da haka ya shiga, don bai iya kunyata baƙo ba. Ni ina baya. Muka fita babban titi, yaron ya taka, motar ta figa har kaina ya bugi kujera. Gudu kam akwai shi. Da ya ga Baba bai ce komai ba sai ya ce, "Baba, akwai ƙara fa in kana so," ya danna wani abu. Wani irin kuka ya fito ta lasifika. Baba ya ɗan murmusa ya ce, "Ɗana, kashe rediyon." Daga nan muka juyo gida.

Ya sa wa yaron albarka sosai, ya ce a gaida Hajiya. Abokansa suka kewaye shi, kowa na rantsuwa, "Wallahi ita ce, ga tambari nan, mun gani!" Su a ganinsu taimakona suke yi. Ba su san kowace rantsuwa ƙara nutsar da ni take ba. Da muka shiga ɗaki na cire masa hula sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tambari ai ko a kasuwar kayan gyara ana sayarwa. Na ga danfo da shi lokacin ina gani. Kin sha wahala, uwata, har da tara mutane. Allah ya yi miki albarka."

Na ce, "Baba, wallahi tallahi ita ce! Kamfanin ne ya canza!"

Ya ce, "Na ji."

Na yi kuka, na yi faɗa, na ɗaga murya a kan mahaifina abin da ban taɓa yi ba. Na kunna masa bayanai a waya, ya saurara har ƙarshe ya ce wayar ma ta iya magana. Na kawo limamin layinmu ya yi masa bayanin motocin lantarki. Ya yarda akwai su. Abin da bai yarda ba shi ne mutanen da suka ƙera wannan ƙarar za su zauna da hankalinsu su ƙera shiru. A wurinsa magana ɗaya ce: 'yarsa ta ga ya tsufa, ta ari motar masu kuɗi, ta manna mata tambari, ta haɗa baki da unguwa don ya ji daɗi.

Bai yi fushi da ni ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai ya daina cewa "bari uwata ta zo." In an sa masa hula ba ya tambayar launinta. In na ce masa hadari ya haɗo, sai ya ce to, ya miƙa hannu ta taga ya ji da kansa. Bai sake tayar da Kwaɗo a bakinsa ba. Na shiga neman tsohuwar ƙirar kamar mahaukaciya, na bi kanikawa, na bi dillalan tokumbo masu sayar da tsofaffin motocin waje, har Ikorodu na je a kan babur ɗin okada don an ce wani yana da ita. Na tarar da gangar jiki a kan duwatsu, kaji na kwana a ciki. Masu lafiyayyun kuwa suna can tsallaken gada a unguwannin masu kuɗi, kuma ba wanda zai kawo irin wannan mota cikin ramukan Agege saboda wani tsoho makaho. Wani ya yi mini alkawari, ya daina ɗaukar wayata.

Damina ta gaba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata rana da rana, ina ba shi ruwa a cokali, ya ce a kira ƙannena. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, yana yafe wa kowa. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Uwata, maganar motar nan. Na san tausayi ne ya sa ki. Kar ki riƙe ta a ranki bayan ba ni. Na yafe miki duniya da lahira."

Na so in ce a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Sai na dubi yadda ƙirjinsa ke ɗagawa da ƙyar, na ga ba shi da numfashin gardama, kuma wannan yafiyar ita ce abu na ƙarshe da yake da shi da zai ba ni.

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya saki hannuna hankalinsa a kwance. Bai kai la'asar ɗin washegari ba. Ni kuwa har yau nawa hankalin bai kwanta ba, don wannan "na gode" ita ce ƙaryar tausayi ta farko da na taɓa yi masa, kuma ita kaɗai ce maganata da ya yarda da ita tun ranar Lahadin nan.