Gonar da Na Ce Ta Mutu

Assalamu alaikum. Ni dattijuwa ce yanzu, amma lokacin da aka fara aikin dam na Bakolori ina da ƙuruciyata, ina aure a wani ƙauye na ƙasar Talata Mafara, da 'ya'ya uku da goyo. Mace ce ni mai kaifin baki da saurin yanke shawara, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan wayo ne. Mai gidana kuwa mutum ne mai sanyi, bai iya komai ba a duniya sai noma. Gonar da ya gada wajen mahaifinsa ita ke ciyar da mu: gero da dawa, wake a tsakaninsu, ga 'yar auduga da muke sayarwa mu yi tufafin salla. Akwai itatuwan ɗorawa a cikinta, ni ke tara kalwa in yi daddawa in kai kasuwa ranar Talata. Ba mu da arziki, amma rumbunmu bai taɓa kai mu damina babu komai a ciki ba.

Da aikin ya iso wajenmu aka ce kowa ya ɗaga hannu daga gonarsa, za a baje ƙasa a ja hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa da tasa, ya riƙa noma rani da damina. Muka ga katafiloli suna tuge itatuwa kamar ana cire ciyawa. Damina ta zo ta wuce ba mu yi shuka ba, wata ma ta sake zuwa. Abin da aka ba mu na rage asara ya shige tukunya, rumbu ya ƙare, har irin da mai gidana ya ajiye cikin toka na surfa wa yara. Awakina suka tafi ɗaya bayan ɗaya. 'Yan uwana da ke can wajen Maradun ma ba su da halin taimaka mana, don su ruwan ne ya tashe su daga gidajensu gaba ɗaya.

Ranar da aka nuna mana filinmu na bi shi na gani da idona. Ban gane wajen ba. Babu ɗorawa, babu gambar da ke kan iyaka, sai wani shimfiɗaɗɗen fili jawur, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Baƙar ƙasar da kakanninsa suka yi shekaru suna zuba wa taki an kankare ta, an cike ramuka da ita wani waje. Duk da haka ya yi shuka. Aka zo da maganar kuɗin ruwa, da na tarakta, da na takin zamani, abubuwan da ba mu taɓa sanin ana biya kafin a ci tuwo ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa, shuka ta fito rawaya-rawaya, ta tsaya iya gwiwa. Abin da ya kawo gida bai kai mu wata biyu ba, kuma a cikin wannan halin ne goyona ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe mini.

A lokacin wani Alhaji mai fataucin shanu daga cikin gari yana sayen filayen mutane. Ba zan ce ya zalunce mu ba, bai tilasta wa kowa ba, kuma ya biya abin da ake biya. Ni ce na tasa mai gidana gaba. Kullum sai na ce masa gonar nan ta mutu, maƙwabta duk sun sayar, shi kaɗai ya rungume jar ƙasa yana kallon 'ya'yansa suna ramewa. Shi kuma yakan ce in yi haƙuri, ƙasar ta wahala ne, in ta samu taki da hutu za ta farfaɗo. Na ce da wane takin, mu da ko akuya ba mu da ita? Wata safiya da ya sake ce mini in dakata zuwa baɗi, na ɗora masa yarinyar a cinya na ce, “Malam, ita ma ka ce mata ta dakata zuwa baɗi.” Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini ita, ya sa hularsa ya fita. Da la'asar ya dawo an gama ciniki.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Muka sayi hatsi, aka nema wa yarinya magani, Allah ya tashi kafaɗunta. Sauran kuɗin na ba shi shawara ya kafa teburin kayan koli a kasuwa. To amma mutumin da ya saba magana da shuka bai iya kiran mai saye ba. Yakan wuni a zaune shiru, in an taya masa kaya a wulaƙance sai ya sallama don kunya. Kafin mu farga uwar kuɗin ta narke. Da noman rani ya kankama, sai ya ɗauki fartanyarsa ya shiga sahun 'yan ƙwadago.

Shi kuwa Alhajin ko shuka bai yi a filin ba da farko. Shanunsa ya sa aka riƙa kwanar da su a wajen duk rani, suna zuba kashi da fitsari, aka yi haka shekara biyu ko uku. Yana da abin da zai ci, don haka yana da halin jira. Wata rana aka kwashi 'yan ƙwadago dashen shinkafa, mai gidana na cikinsu, sai ga shi an sauke su a gonar mahaifinsa. Da ya dawo na kai masa ruwa, na ga ya kwance wani ƙulli daga bakin rigarsa. Ƙasa ce a ciki, baƙa, mai laushi, tana ƙamshin damina. Ya murza ta a tafin hannunsa ya ce, “Uwar yara, kin gani? Ashe da ranta.” Ba da faɗa ya faɗa ba, wallahi har da ɗan murmushi, kamar mai ba da labarin wani ɗan uwa da ya warke. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan duk lokacin da ake neman ma'aikata a wannan gonar shi ne kan gaba. Abokan aikinsa sun gaya mini in an tashi yakan tsaya shi kaɗai yana gyara kunya, yana toshe inda ruwa ke zurarewa, ba wanda ya sa shi, ba kuma a ƙara masa ko kwabo. Alhajin har yabonsa yake yi a cikin mutane, yana cewa bai taɓa ganin ɗan ƙwadago mai amana irinsa ba. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Tsayuwa cikin ruwa ta sa masa ciwon ƙafa da tari, ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa. A jinyarsa na nemi ya yafe mini, ya ce ba abin da na yi masa, yunwa ce ta yi magana da bakina. Har ya rasu bai taɓa ambaton maganar a gaban 'ya'yanmu ba.

Na san abinci da ajali duk na Allah ne, kuma in aka mayar da ni wannan safiyar da yarinya a hannu, ban san ko zan iya yin shiru ba. Amma akwai hanyoyin da ban tsaya na duba ba. Da mun ba da aron filin, ko mu yi jinginarsa, ko mu roƙi mai shanu ya kwanar da garkensa a raba amfani. Na ga shekara ɗaya mummuna na yanke wa gona hukuncin har abada. Abin da na fahimta a makare shi ne, noman yanzu na mai iya jira ne, kuma talaka in ya saki ƙasarsa ba ya sake kama ta, don kullum tsada take ƙarawa, ƙarfinsa kuma raguwa yake yi.

Shi ya sa nake kira ga 'yan uwana mata, ku yi hattara da maganar da za ku faɗa wa mazajenku ranar da gida babu hatsi, don ranar ba a musu da ku. Ku kuma samari da nake ji kuna sayar da gadonku ku sayi babur, ku je ku dubi waɗanda suka riga ku. 'Ya'yana maza biyu manoma ne na ƙwarai kamar ubansu, amma ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Kullum da safe sukan gaishe ni su tafi aikin gonakin mutane, da yamma su kawo mini shinkafa a kwano. Ina karɓa in sa musu albarka, amma har yau ban taɓa iya tambayarsu gonar wa suka yi aiki ba.