Moɗar Kaka a Jirgin Sintiri

Ku matso, jikokina, ku ba ni kunnenku. Duk sa'ad da warin man dizal ya bugi hancina, sai in koma gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina, ina yarinya, Yayana ya dawo ijaza, wato hutun aiki, kayansa na warin inji da gishiri.

Aikinsa a ɗakin injin wani jirgin ruwa ne na sintiri, mai ruwan toka. Mu a Madina ba mu da teku, sai baƙin dutse da dabino. Ni dai a zuciyata nakan ga jirgin yana tafe a hankali tsakanin gonakin unguwar Awali, ganyen dabino na shafar bayansa.

Kakarmu kuwa ta san teku. Tana ƙarama ta ƙetaro Bahar Maliya daga Sudan cikin jirgin katako, iska ta ɗauke, ruwan sha ya ƙare, har wani matuƙi ya ba ta kurɓi a moɗar ƙarfe. Ba ta saki moɗar ba. Da ta ji aikin jirgin su Yaya shi ne tare masu ƙetarowa ba takarda, kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ran tafiya ta miƙa masa moɗar.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanarsa, "wanda duk ka tarar a ruwa, ka shayar da shi kafin a tambaye shi takarda. Sai an sha da ita zan sa maka albarka."

Jirgin ya yi gabas a shekarar yaƙi, ya dawo Bahar Maliya. Aka sake masa inji, aka sake fenti. Kowace ijaza, kafin Yaya ya cire takalmi, sai ta ce, "An sha?"

"Tukuna, amarya. Wallahi masunta kawai muke tararwa, su kuma sun fi mu ruwa."

Shekaru suka tura. Jirgi ya fara tsatsa, idon Kaka ya fara rufewa. Yaya ya daina dariya in ta tambaya.

Wata bazara ya shigo, ya durƙusa gabanta. Ta laluba jakarsa, babu moɗa.

Ya ce sun tarar da kwalekwale da rana tsaka, injinsa ya mutu, mutane kwance leɓɓansu sun tsage. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su ruwa a moɗar. Ta ƙarshe yarinya ce. Ta sha, ta ƙanƙame moɗar a ƙirji, ta ƙi saki.

"Ka ƙwace?"

"Na bar mata."

Kaka ta miƙa hannu ta lalubo shi. Sannan ta ɗora tafinta a kansa.

Jirgin bai ƙara shekara biyu ba aka ajiye shi, aka yanka ƙarfensa. Kaka ta riga shi, tana kwance a maƙabartar garin nan. Yaya ya tsufa a unguwar Aƙiƙ, kunnensa ɗaya inji ya cinye. Ku kuma da Larabci kuke amsa mini, kun ga tekun har kun gaji da shi. Yarinyar ce kaɗai ban san inda take ba. In tana raye, yanzu ta isa miƙa wa wani moɗar.