Yadda Na Mayar wa Mutanen Maraɗi 'Ya'yansu

A shekarun farko bayan tafiyar Turawa, kowa so yake a ce ya buɗe makaranta. Wasu attajirai a birni suka haɗa kai suka kafa wata kwaleji ta Larabci da Turanci. Ta daɗe da rushewa, ni kuwa ko ɗigon hawaye ban yi mata ba. A lokacin na gama sakandare, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Dandamisa ina taya mahaifina aikin rake, amma raina kaf yana kan wannan kwaleji. Ba ni da buri a duniya sai in shiga in fito malami mai takarda.

Magatakardan kwalejin mutumin Kudan ne. A zauren mahaifina ya yi karatu, tuwon uwata ya ci ya girma, Yaya nake ce masa. Wata ranar kasuwar Makarfi sai ga shi a gidanmu, takalmi sai ƙyalli, ya durƙusa ya gaida Malam mahaifina kamar ba zai tashi ba. Ashe buƙata ce ta kawo shi. Masu kwalejin suna son ɗalibai daga Nijar, don a ce makarantarsu har ƙasar waje ake zuwa, gwamnati ta sa musu hannu. Ya je ƙauyukan Maraɗi da hotunan gini da daɗin baki, ya dawo ko yaro ɗaya bai samo ba. Mutanen can ba sa ba gini ɗa, mutum suke ba, wanda suka san ubansa. Da yawansu kuwa a gaban Malam suka sauke littattafai suna samari.

Ƙafafun Malam ba sa tafiya mai nisa, don haka ni aka tura. A gaban mahaifina, hannu a ƙirji, Yaya ya yi alkawarin cewa gurbina na nan a ajin farko. Muna hanya ya ƙara da cewa in an tambaye ni in ce ni ɗalibin kwalejin ne, ai saura kaɗan ya zama gaskiya. Ni sakarai na yarda, har da ara mini kwat.

Duk gidan da muka sauka, da an ji ɗan wane ne ni sai a shimfiɗa tabarma a kawo fura. Yaya ya yi ta zuba bayaninsa, ba mai kallonsa. Ni ake tambaya ko ana salla a kan lokaci, ko abinci na isa, ina cewa ƙwarai kuwa. Wani tsoho mai saƙa ya kama hannun ɗansa ya sa a nawa, ya ce, “Ɗan Malam, ba makaranta na ba ba, kai na ba. Ran da ka gaji, ka kawo mini abina da hannunka.” Haka sauran suka yi, kowa ya ce wa ɗansa inda na sa ƙafa ya sa. Muka dawo da samari cike da bayan mota.

Ranar buɗe kwaleji aka kira sunaye, babu nawa. Na sami Yaya a ofis, bai ko ce in zauna ba. Wai baƙi sun cinye gurabe, in yi haƙuri, a halin yanzu in zama mai kula da ɗakin kwanansu tunda da ni suka saba. Da na leƙa ajin, wa zan gani a kujerar gaba? Ƙanin matarsa, wani dolo da ya faɗi jarrabawa muna tare. Wallahi har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ni da na kawo mutanen, ni ne mai tashinsu da safe, in raka su bakin aji in koma in ƙirga barguna.

Ban yi masa rashin kunya ba. Na ce to, Yaya, na kama aikin, na sa masa ido. Na sha alwashin sai ya ɗanɗana abin da na ji.

Da hutu ya zo, samarin suka biyo ni gida, don hanyarsu da nisa. Kafin mu taho na ji cewa da an koma wani babban baƙo zai zo daga Kaduna musamman don ya ga ɗaliban ƙasar waje, taimakon da kwalejin ke jira kuma a kan wannan ziyara ya rataya. Yaya har ya sa an ɗinka musu riguna iri ɗaya.

Malam ya tafi ta'aziyya Hunkuyi zai kwana biyu. Na tara samarin a zaure na gaya musu gaskiya: ni ba ɗalibi ba ne, ƙarya aka sa na yi wa iyayenku, ba zan riƙe amanar da aka karɓo da ƙarya ba. Babban cikinsu ya roƙe ni har da ƙwalla, yana son karatunsa. Na tausaya masa, amma ban fasa ba, shi ma bai iya tsallake maganar ubansa ba. Muka hau motar mazarƙwaila zuwa Kano, daga can Katsina, muka ƙetara. Gida gida na bi, na sa hannun kowane yaro a na ubansa, na faɗi abin da ya faru ba ragi. Tsohon nan mai saƙa ya karɓi ɗansa, ya ce in gaida Malam.

An ce ranar ziyara Yaya ya yi ta safa da marwa a bakin ƙofa, rigunan na ninke a kan tebur. Baƙo ya sha lemo ya koma. Kai, na so a ce ina wurin!

Bayan kwana kaɗan Yaya ya iske ni a gonar rake, takalman nan sun sha taɓo. Malam na zaune a inuwa, ya daina yi mini magana tun dawowata. Yaya ya durƙusa a gabana, ni ƙaninsa, ya ce aikinsa na hannuna. Wai ya kori ƙanin matarsa, gurbi na nan yana jirana, in dai zan je in dawo da yaran. Har lokacin kuwa ina son kujerar nan kamar raina. Na bar shi ya yi ta roƙo har muryarsa ta dushe, ina sarar rake ina jin daɗi.

Da ya gama na ce, “Yaya, a can ba a ba hannu ɗaya amana sau biyu. Ko na je ba wanda zai ba ni ɗa.”

Ya ɗago ya ce, “Ka san haka ka kwashe su? Ai kai ma ka rufe wa kanka ƙofa.”

Na ce na sani, tun kafin in sa su a mota.

An sallame shi kafin damina. Ni kuma ban sake zama a aji ba har na tsufa, rake na noma. Yaya ya rasu da daɗewa, na je jana'izarsa, na tsaya a sahu, amma ban ce na yafe ba.