Na Ƙi Ba Da Haƙuri Kan Kwamfutar Da Ban Ɓata Ba

Edita, a ƙarshen shekarun tamanin ni budurwa ce mai rawar kai, na gama koyon buga keken rubutu, na samu aiki a wata masaƙa a Sharada. Babban akawun kamfanin ne ya samo mini aikin, aminin mahaifina tun na ƙuruciya. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai 'yata. Da kamfani ya sayo kwamfuta guda ɗaya tal, ni aka damƙa wa mukullin ɗakinta, saboda yatsuna sun fi na kowa sauri.

Kwamfutar nan tsarin aiki biyu ne a cikinta. Ɗaya na ofis, inda nake buga wasiƙu, ɗayan na masu rini, inda aka adana haɗin launin kowace atamfa da muke yi. In ka kunna ta, wani ɗan shiri ne ke fara fitowa a allo ya tambaye ka wanne za ka shiga, kamar zaure ɗaya na gida mai sashe biyu. Wani injiniya ɗan Filato ne ya haɗa ta, kuma ya ja mini kunne kada a ɗora mata komai sai yana nan.

To, a Sharada ta lokacin aro ba abin kunya ba ne. Kamfani kan ari sifana da batir, har mai gyaran janareta, daga maƙwabta. Wata Juma'a Baba ya shigo da faifai a aljihun babbar rigarsa, ya ce akawun kamfanin robobi na kusa da mu ne ya ara masa, sabon yayi ne na tsarin ofis, ya fi namu sauri. Na tuna masa gargaɗin injiniya. Ya yi dariya, ya ce tun ban san hanyar makaranta ba yake aro a layin nan. Ya miƙo hannu, ni kuma na ba shi mukulli, don ban iya musu da sa'an ubana ba.

Ran Litinin na kunna ta, tambayar nan ba ta fito ba. Kai tsaye ta faɗa tsarin ofis, na masu rini kuwa ko ƙyallinsa. Na kashe na kunna har hannuna ya gaji. Mai gyaran wuta ya cire wayoyi ya mayar, ya buɗe bayanta ya leƙa, ya ce shi dai ya ga wuta tana shiga. Masu rini suka tsaya cirko-cirko, ga aikin atamfar sallah a gabansu. Manaja ya ce a share komai a sake ɗorawa daga farko. Nan na tare ƙofa na ce ba mai taɓa ta sai wanda ya haɗa ta ya zo, don na san in aka share, da haɗin rinin da gaskiyata za su tafi tare. Manaja ya ce ni da na ɓata abu har ina da bakin magana. Na waiga wajen Baba, yana ta gyara zaman hularsa.

Da la'asar Baba ya zo gidanmu, suka zauna da mahaifina, aka kira ni. Cikin lallashi ya ce ba wani abu ba ne, in je gaban manaja in durƙusa in ce kuskure na yi, shi zai sa baki a yafe mini, magana ta mutu. Ya ce in yarinya ta yi kuskure gobe an manta, shi kuwa da furfurarsa ina zai sa kansa. Mahaifina ya ce in yi yadda Baba ya ce. Na ce su gafarce ni, duk abin da suka sa ni zan yi, amma wannan kam ba zan ɗauka ba.

Da injiniya ya iso, sai ya sa faifansa ya tashe ta daga waje. Ya nuna mana sashen masu rini yana nan lafiya lau, ko launi ɗaya bai ɓace ba. Sabon tsarin da aka ɗora ne ya rubuta kansa a kan ɗan shirin da ke yin tambayar, ya toshe hanya. Ya mayar da shirin wurinsa, ya kashe ya kunna, tambaya ta dawo. Sannan ya ɗago kai ya tambayi wanda ya ɗora sabon tsarin. Kowa ya zuba mini ido yana jiran in sunkuyar da kai. Ni kuwa na buɗe baki na faɗi wanda ya yi, da ranar da ya yi, da inda ya aro faifan.

Kwamfuta ta gyaru, amma ni na zama marar kunyar da ta tona asirin dattijo. Kafin wata ya ƙare aka ce aikina ya ragu, in je gida za a neme ni. Har yau ana nemana. Baba bai ƙara taka gidanmu ba, mahaifina kuma ya rasa amininsa, har ya koma ga Allah bai ta da mini maganar ba. Wannan shirun nasa shi ne abin da ke ci mini rai, ba aikin ba.

'Yan'uwana masu aiki da na'ura, in ta ƙi tashi kada ku yarda a yi gaggawar sharewa, sau da yawa kayanku suna nan, hanyar ce ta toshe. Kuma ku koyi cewa a'a tun farko cikin ladabi, ta fi sauƙi a kan wadda za ku faɗa a gaban jama'a. Ku kuma manya, ku daina ɗora wa 'ya'yan mutane kayanku da sunan tarbiyya. Ni dai na biya abin da na biya, kuma in aka sake yi mini tambayar nan gobe, amsar ba za ta canja ba.